Lacca ga ma'aikatan jinya: gano jaririn da aka yi wa rauni a ka, da kai rahoto

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan jinya. Akwai wuraren da doka ta wajabta wannan horo. A jihar Kentaki ta Amurka, tun 2010, dole ma'aikacin jinya ya yi darasin awa ɗaya da rabi a kansa.

Kan jariri yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan aka riƙe shi a ƙirji aka girgiza da ƙarfi, ƙwaƙwalwa kan yi gaba ta yi baya cikin ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyin da ke samanta su tsinke, jini ya taru. Yawanci kuka ne ke tunzura mai reno, kukan jariri kuwa ya fi tsananta wajen mako 6 zuwa 8. Kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da aka yi wa irin wannan rauni ba sa rayuwa.

Abin da ke ruɗar mu shi ne sau da yawa ba a ganin komai a waje. Alamomin da ake gani su ne amai ba gudawa, ƙin kama nono, barci mai nauyi, numfashi na ɗaukewa, taune-taune, maɗiga ta kumbura. Sai a ce ciwon ciki ne, a sallame su. Binciken Dakta Carole Jenny na 1999 ya duba yara 173 da aka yi wa irin wannan rauni, aka tarar 54 ba a gano matsalarsu a zuwan farko ba.

Don haka ku tuɓe jariri tsaf. Ku duba bayan kunne, wuya, ciki da baya, ku ɗaga leɓe ku ga ko siririyar fatar da ta haɗa shi da dasashi ta yage. Yaron da bai fara rarrafe ba, tabon taruwar jini ko ɗaya ne a jikinsa, abin tuhuma ne. Ku auna zagayen kansa, ku kwatanta da awon baya.

Ku tambayi masu reno ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, ba da sigar zargi ba. Ku rubuta maganarsu kamar yadda ta fito daga bakinsu, da lokaci. In an ce ɗan wata biyu ya mirgino daga gado, ku lura, a wannan watan bai iya juyawa ba. Labarin da ke sauyawa da jinkirin kawo yaro duk a rubuta.

Game da rahoto, ba a ce sai kun tabbatar ba. Zato mai dalili ya isa, bincike na hukumar kare yara ne. Inda doka ta ɗora nauyin a wuyanku, faɗa wa likita kaɗai bai sauke shi ba. Kada a sallami yaron kafin hoton ƙwaƙwalwa da duban likitan ido. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ɗauki hoton ƙasusuwansa duka, a maimaita bayan mako biyu, domin karayar haƙarƙari ta fi fitowa idan ta fara haɗewa.