Kafin Leda Ta Bar Hannunka

An rubuto wannan daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu kemis da ɗaliban harhaɗa magunguna a Sakkwato. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu kemis da suka riga mu shiga wannan sana'a, da ƙannena ɗalibai da na ga kun cunkushe a layin baya kamar kullum, barkanku da zuwa. La'asar ta kusa, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Da laifina zan fara. Ina sabon fara aiki a wani asibiti a cikin garin nan, wata dattijuwa ta kawo takardar jikanta, an rubuta masa amoxicillin na ruwa. Na haɗa mata, na ce, "Inna, cokali ɗaya sau uku a rana." Bayan kwana biyu sai ga ta da kwalba babu ko ɗigo, yaro na ta zawo. Kwalbar mililita 100 ce, in ana ba da mililita 5 sau uku ya kamata ta kusa mako. Na tambaye ta da wane cokali ta auna. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, cokali kac ce, cokali ko nib ba shi." Ashe babban cokalin cin shinkafa ne, mai ɗaukar kusan ninki uku. Allah ya kiyaye yaron bai samu wata illa ba. Amma Inna ba ta yi kuskure ba, ni ne na yi. Tun ranar ban sake cewa cokali ba. Murfin awo nake ɗagawa ko sirinji marar allura, in ɗora yatsana a kan layin, in ce nan.

To shi ba da magani, yawancinmu mun ɗauka miƙawa ce: ka karɓi kuɗi, ka ɗauko, ka sa a leda. Wannan ko mai tireda yana yi. Abin da ya raba ka da shi tambayar da za ka yi kafin ka taɓa kanta, da bayanin da za ka yi kafin leda ta bar hannunka.

Tambayar farko ita ce, wa zai sha? A Sakkwato wanda ya zo saye galibi ba shi ne marar lafiyar ba. Yaro ne aka aiko da naira ɗari biyar a dunƙule, ko maigida ya biyo daga kasuwa ya ce a ba shi na masassara. Na wa? Ɗan shekara nawa? Ku ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sayarwa kullum, artemether da lumefantrine. Da nauyin jiki ake ba da shi. Ƙaramar ƙwayar nan mai 20 da 120, yaro mai kilo 5 zuwa 14 ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai 15 zuwa 24 biyu, mai 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Sau shida cikin kwana uku, na biyu kuma bayan awa takwas da na farko. In ba ka san wanda zai sha ba, ta yaya za ka san wane kwali za ka ɗauko? Balle ma ba kowace masassara ce ta sauro ba, ga abin gwajin yatsa nan da ba ya wuce minti ashirin.

In ta mace ce, sai an tambaya ko tana da juna biyu ko tana shayarwa. Na san kunya. Ba sai ka yi gatsal a gaban mutane ba, ka ja maigidan gefe ka ce, "Alhaji, iyalin ba ta da lalura ko?" Zai gane. Diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa ba su dace da mai tsohon ciki ba, haka mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda. Ka kuma tambayi abin da yake sha a gida, har da jiƙe-jiƙe da saƙe-saƙi, don ba zai faɗa da kansa ba, a wurinsa wannan ba magani ba ne.

Ga wani abu da littattafanku ba za su kawo da sunansa ba: fura da nono. Wancan na zazzaɓin sauro yana son maiƙo, in an sha shi da nono ko abinci mai mai ya fi shiga jiki. Amma ciprofloxacin da tetracycline nono yana ɗaure su a hanji, su wuce ba su yi aiki sosai ba. Mutum ɗaya, ƙwarya ɗaya ta fura, wani maganin ta taimaka masa, wani ta kashe masa ƙarfi. In ba ka faɗa ba, gobe zai dawo ya ce maganinka jabu ne.

Takardar likita kuma, ku karanta ta sau biyu. Akwai sunayen da suke kama da juna kamar Hassan da Hussaini. Chlorpropamide na ciwon suga ne, chlorpromazine na taɓin hankali. Ka ba mai lafiyayyen suga na farkon, sugansa ya faɗi ya suma. In rubutu bai fito ba, ko adadin ya yi maka yawa ga ɗan yaro, ka buga wa wanda ya rubuta waya. Wani zai yi maka faɗa, ka shanye. Matambayi ba ya ɓata, mai kintace shi ke kashe mutum.

Yanzu na zo inda za mu ɓata da wasunku: haɗi. Mai aikin ƙarfi ya shigo da yamma ya ce, "A haɗa min na ciwon jiki," ka ɓallo ja, fari, yalo, ka zuba a leda babu suna babu kwanan wata. Me ke ciki? Diclofenac, ibuprofen, sau da yawa har da dexamethasone. Biyun farko aikinsu ɗaya, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ciki kawai yake ci, na ukun kuma yana ƙara hura wutar. Mutum ya yi wata shida a haka, sai a kwashe shi zuwa asibitin koyarwa yana aman jini, kuma babu wanda zai iya cewa ga abin da ya sha. Paracetamol ma da muka raina, babba ba ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya takwas ke nan masu 500, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa. Ya sha wannan ya sha wancan, hanta ce ke biya.

Na san amsar da za ku ba ni, kuɗinsa ke nan, in ban ba shi ba maƙwabcina zai ba shi. Gaskiya ne talauci na nan. Amma ƙwaya biyu ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba rabin magani ba ce, horo ce kake ba cutar, ta saba, gobe cikakken ma ya kasa ta. In kuɗinsa bai kai ba, gara ka nemo masa irinsa mai rahusa na kamfanin da ke da rajista, ko ka tura shi asibitin gwamnati.

Doka ba zan daɗe a kanta ba, kun san ta. Hukumar PCN, mai kula da harkar harhaɗa magunguna da sayar da su, ita ke ba da lasisi, an sabunta dokarta a 2022, kuma lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle yin allura a bayan labule. NAFDAC kuma tun 1993 take rajistar magunguna. Manya a nan za su tuna My Pikin a 2008, maganin haƙoran yara da aka samu gubar diethylene glycol a ciki, yara 84 suka mutu. Za ku tuna 2018 da aka hana maganin tari mai kodin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Mu kuma ga iyaka a Illela, kaya na shigowa ta ko'ina. Don haka ka san wurin wanda kake sari, ka duba lambar NAFDAC, inda akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura saƙo.

Sai zafi. Kwalaye da yawa an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30. A watan Afrilu garin nan yana haura 40, kai kuma shagonka kwantena ce ta ƙarfe tana fuskantar yamma. Kwanan watan da ke jikin kwali alkawari ne bisa sharaɗin an ajiye shi yadda aka ce. Ka yi silin, ka sa fanka, ka janye kanta daga rana, ka rage yawan sari lokacin bazara. Wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa shi ne a gaba.

Wajen bayani, ku bar "sau uku a rana" haka kawai. Wani zai sha da safe, da hantsi, da azahar, ya ce ya gama. Ku ɗaura shi a kan abin da ba ya mantawa: bayan Asuba, bayan Azahar, sannan lokacin kwanciya wajen ƙarfe goma. Wanda ba ya karanta boko ka ja masa layuka a ambulan, ko ka rubuta da ajami. In azumi ne, musamman mai ciwon suga, ka mayar da shi wurin likitansa a gyara masa lokaci. Daga nan ka ce, "Baba, maimaita min yadda za ka sha." Za ku sha mamakin abin da zai fito daga bakinsa.

Na ga hannu can baya. Malama tana tambayar yadda za a ajiye insulin, allurar masu ciwon suga, ga wanda ba shi da firij. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firij ne, digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare. Wanda aka fara amfani da shi galibi yana kai kwana 28 in bai wuce digiri 30 ba. A ƙauye sai a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, cikin inuwa, a rubuta ranar da aka buɗe a jikinta. Ga ladan can ya fara. Sauran tambayoyin sai mun idar.