Na bar wa manhaja zaɓen waƙa a Yamai

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Daga Yamai nake muku magana, nan unguwar Bukoki. Ga shayi bisa wuta, 'yan fada sun fara haɗuwa. Kun ji jitar nan da ke tashi? Daga wayata take, amma ba ni na zaɓi waƙar ba.

Wani irin rediyo ne na intanet da nake gwadawa kwanan nan. Babu mai gabatarwa, babu gaishe-gaishe. Sunan mawaƙi ɗaya za ka rubuta, sai manhajar ta buɗe maka tasha taka kai kaɗai, ta riƙa jero waƙoƙin da take ganin sun yi kama da nasa. Wadda ta yi maka, ka danna alamar so. Wadda ba ta yi ba, ka tsallake. Da haka take gane ka a hankali.

Dabarar ta daɗe. A Amurka, wata manhaja mai suna Pandora ta fara wannan tun 2005, inda masana kiɗa ke zama su saurari waƙa su tantance siffofinta ɗaruruwa: murya, sauri, kayan kiɗa. Ita dai a Amurka kawai take aiki. Sauran manhajojin sun fi dogara da abin da jama'a ke ji: in masu son abin da kake so suna son wani mawaƙi, sai a kawo maka shi. Spotify ma sai a 2021 ta iso Nijar da Najeriya.

To, ni da na taso a Najeriya, ban san kiɗan ƙasar nan ba sai sama-sama. Na rubuta Bombino, don shi na sani, ɗan Agadas. Wallahi abin da ya biyo baya ya ratsa ni. Ta kawo min Mdou Moctar, wanda ya fito daga jihar Tawa, bahago ne a jita. Ta kawo Les Filles de Illighadad, mata daga wani ƙauye kusa da Abalak, sun haɗa jita da kiɗan tende na matan Buzaye. Sai Tal National na nan cikin Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Mutanen nan duniya ta san su, ni ina zaune a garinsu ban sani ba. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin data.

Da na juya wajen namu na gargajiya, nan ta fara tangaɗi. Na nemi kiɗan kalangu da gurmi da na 'yan kokawa, sai ta ba ni kaɗan ta koma waƙoƙin Legas. Na nuna wa wani dattijo da muke fada tare, ya ce, "Ɗana, abin da ba a zuba mata ba, ina za ta samo shi?" Gaskiyarsa. Yawancin waƙoƙin nan suna cikin tsofaffin kaset da memori, suna wajen masu tura waƙa a kasuwa, ana miƙa su daga waya zuwa waya. Da yawa ko sunan mawaƙin babu a jiki. Abin yana min ciwo, domin yaron da zai tashi da irin wannan rediyo zai ɗauka ba mu da komai, su kuma iyalan makaɗan ko dala ba ta shiga hannunsu.

In za ku gwada, ku rage ingancin sauti a saiti don data ta ƙara kwana, kuma kada ku yi ƙyuyar danna so, da shi take koyo. Na kyauta akwai talla a tsakani.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar Katako da kyamara, wajen masu tura waƙa, in tambaye su me matasa suka fi nema yanzu, kuma daga ina suke samo tsofaffin. Malam, miƙo kofin nan, shayin ya yi. Sai mun haɗu.