iPhone a Turai: yadda ake sauke manhaja ba ta App Store ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga nan Jamus. Ga iPhone a hannuna, ku dubi allon da kyau: wannan Epic Games Store ne, wannan kuma AltStore PAL. Duk shagunan manhaja ne, kuma babu wanda na Apple ne a cikinsu.

Dokar Tarayyar Turai da ake kira DMA ce ta tilasta wa Apple buɗe ƙofa, tun daga iOS 17.4 a watan Maris na 2024. Sai dai ƙofar tana da mai gadi. Dole kana cikin ƙasashen Tarayyar da jikinka, kuma dole asusunka na Apple yana kan ɗaya daga cikinsu. A nan mutanenmu ke maƙalewa: mutum ya taho da asusun da ya buɗe a Kano, ya yi ta dannawa, shiru. Kafin ka sauya ƙasa sai ka kashe ragowar kuɗin da ke cikin asusun, ka soke duk abin da kake biya wata-wata. 'Yan Ingila ku yi haƙuri, kun fita daga Tarayyar, babu ku a ciki.

Yadda ake yi: ka buɗe shafin shagon a Safari, wato manhajar shiga intanet ta iPhone, ka danna saukewa. Wayar za ta ƙi. Kada ka ɗauka ta lalace, izini take jira. Ka shiga Settings, can sama za ka ga sunan kamfanin, ka amince masa, ka koma Safari ka sake dannawa.

To, ga abin da ba a cika faɗa ba. Har yanzu sai Apple ya duba kowace manhaja ya sa mata hatimi kafin ta hau wayar, ko da ba a shagonsa take ba. A 2024 ya kuma ɗora wa masu manhaja harajin rabin yuro kan kowace saukewa ta farko a shekara bayan sun wuce miliyan 1, abin da ya sa da dama suka noƙe. A ganina an ba mu zaɓi ne, amma makulli na aljihun mai gida. Hukumar Tarayyar ma ta ci Apple tarar yuro miliyan 500 a Afrilun 2025, kan hana masu manhaja nuna wa mutane inda za su biya da araha.

Idan ka saya a waɗannan shagunan aka samu matsala, Apple ba zai maido maka da kuɗi ba, da mai shagon za ka yi. Kada ka goge shagon, manhajojinsa za su daina sabuntuwa. Masu zuwa gida hutu kuma ku lura: idan kuka daɗe a wajen Tarayyar sabuntawa na tsayawa, manhajar dai za ta ci gaba da buɗewa. Ku sabunta komai kafin ku hau jirgi.