Maganaɗisu da lantarki wajen dawo da haɗiya bayan shanyewar ɓarin jiki

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Kowa ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa, ya haɗiye yawu. Kun ji ya yi sama ya dawo? Wannan ɗagawar ce ke taimakawa a rufe hanyar iska, abinci ya bi tasa hanyar. Kusan rabin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, wannan aikin yakan lalace musu a kwanakin farko. A ba mutum ruwa cokali ɗaya, ya ƙware. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda ruwan ke gangara masa huhu ko tari bai yi ba, sai daga baya zazzaɓi ya rufe shi, ciwon huhu ya kama.

Hanyoyi uku zan kawo, duk babu tiyata a ciki. Ta farko maganaɗisu ce. A 1985 Anthony Barker ya fito da na'urar a Sheffield ta Ingila. Ana ɗora wa mutum wani faifai a ka, yana zaune ido biyu, yana jin ƙas-ƙas-ƙas, maganaɗisun na ratsa ƙoƙon kai yana zaburar da ƙwaƙwalwa.

Amma ku tsaya, a nan daɗin maganar yake. Hannun dama, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke juya shi, kowa ya san wannan. Haɗiya fa? A 1996 Shaheen Hamdy da abokan aikinsa a Manchester suka auna da wannan na'urar, suka tarar haɗiya tana da mazauni a ɓangarorin biyu duka. Duka biyun! Sai dai ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kuma babu ruwansa da ko kai bahago ne. Shi ya sa za ka ga mutum biyu, ciwo iri ɗaya, wannan yana cin abincinsa lafiya lau, wancan ko yawu ya gagare shi. Na biyun, ɓangarensa mai ƙarfi ne ciwon ya taɓa. Da suka ci gaba da bin marasa lafiyar, sai suka ga waɗanda haɗiyarsu ta dawo, ɓangaren da ya tsira ne ya faɗaɗa ya karɓi aikin. Allah mai iko, kamar an ajiye wa mutum na ko-ta-kwana a cikin kansa. Ina maimaitawa, ɓangaren da ya tsira ne ya karɓi aikin. Duk na'urorin nan ƙoƙarinsu ke nan, su tashi wanda ke barci.

Lokaci na gudu. Ta biyu, lantarki ne ɗan kaɗan, miliyamfa 1 zuwa 2, ta soso biyu masu danshi a fatar kai, wajen minti 20. Ta uku, siririyar roba ce da ake zurawa ta hanci zuwa maƙogwaro, tana sakar masa lantarki kaɗan, minti 10 kullum har kwana 3. Gwajin da aka yi wa wannan robar a 2016 bai nuna bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Amma na 2018, a kan masu bututun numfashi a wuya, kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka sakar wa lantarkin sun kai a cire musu bututun, a rukunin da ba a sakar wa ba kashi 9 kawai. Na ce uku ko? Akwai wata ma, ta manna wa a wuya...

Na'am Hajiya, ɗaga murya. Tana tambaya ko za ta iya manna wa mahaifinta na'urar tausa mai lantarki a wuya a gida.

Don Allah Hajiya kar ki yi. Ko wadda aka ƙera domin haɗiya, in aka manna ta ƙasa da inda ya dace, janyo maƙogwaron take yi ƙasa, alhali sama muke so ya je. Ki kai Baba a gwada haɗiyarsa tukuna, kuma in yana da farfaɗiya ko an taɓa dasa masa ƙarfe a ka ko na'urar zuciya, ki faɗa wa likita tun farko. Kafin nan, a zaunar da shi sosai in zai ci, loma ƙanana, a wanke masa baki bayan kowane abinci.