NBA Live: Yadda Ya Yi Tashe, Da Yadda Ya Durƙushe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Duk wanda ya tashi sayen gem ɗin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a yau, a PlayStation ne ko a Xbox, suna ɗaya zai tarar a gabansa, NBA 2K. Yaran da suka taso yanzu sun ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Alhali an yi zamanin da in aka ce gem ɗin ƙwallon kwando, NBA Live ake nufi, na kamfanin EA Sports, wato kamfanin nan da ya yi FIFA da kowa ya sani a shagunan gem. Kusan shekara goma NBA Live yana jan zarensa. Yau kuwa rabon da a fitar da sabo a manyan na'urori tun 2018. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan tangarɗa guda da ta faru a 2010, kuma za mu zo kanta. Amma ni a ganina ciwon ya girmi wannan ranar.

Mu koma baya. A 1989 EA ya fitar da wani gem mai suna Lakers versus Celtics a kwamfuta, daga baya ya kai shi na'urar Sega. Ba duka ƙungiyoyin NBA ne a ciki ba, kuma daga gefe kake kallon fili, 'yan wasa suna tafiya da nauyin jiki. Aka yi ta sake shi da sabon suna har ƙarshen 1994, lokacin da aka fito da NBA Live 95.

Ku dubi yadda kyamarar take a wannan gem ɗin. An karkata ta, kana hangen fili daga kusurwa, daga sama. Ƙaramin sauyi ne a ido, amma shi ya buɗe wasan. Yanzu kana ganin ratar da ke tsakanin masu tsaro, kana ganin abokinka ya ɓalle a guje ta ɗaya gefen, ka cilla masa ƙwallo tun kafin ya iso. Aka sa maɓallin ƙara gudu, aka sa duka ƙungiyoyi 27 da ke gasar a lokacin. Hoton da ke jikin kwalin ma daga wasan ƙarshe na 1994 aka ɗauko shi, tsakanin Houston Rockets da New York Knicks, wasan da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofinsa na farko.

Daga nan sai hawa. NBA Live 96 ya ba ka dama ka ƙirƙiri ɗan wasanka. Wannan ya yi amfani ƙwarai, domin Michael Jordan, wanda duniya take yayi, ba ya cikin gem ɗin. Ya cire kansa daga yarjejeniyar da ƙungiyar 'yan wasa ta yi a dunƙule, shi yake sayar da sunansa da kansa. Sai ka buɗe Chicago Bulls ka tarar da wani marar suna a gurbinsa. Yara su zauna su haɗa shi da hannunsu, su aske masa kai, su manna masa lamba 23. Sai a NBA Live 2000, bayan ya yi ritaya karo na biyu, aka samu lasisinsa. Aka ajiye shi a filin unguwa, ku kara kai da shi, mutum da mutum.

Shekarun da na fi so a tarihin wannan gem su ne 2002 zuwa 2004. A NBA Live 2003, mai hoton Jason Kidd, aka mayar da analog ɗin dama na fad, wato ɗan sandan da ake kaɗawa da babban yatsa, ya zama hannun ɗan wasa. Ka kaɗa shi hagu ka dawo da shi dama, ɗan wasanka ya yi yanka ya bar mai tsaro a tsaye. Ka ja shi baya, ya ja da baya ya samu sararin jifa. Kafin wannan, maɓalli ɗaya kake dannawa kwamfuta ta zaɓa maka motsin da ta ga dama. Yanzu gwaninta ta dawo babban yatsanka. NBA Live 2004 ya kawo Dynasty, inda kake riƙe ƙungiya shekara da shekaru, kana saye da sayarwa, kana horar da matasa, ga muryar Marv Albert tana sharhi. Na 2005, mai hoton Carmelo Anthony, ya ƙara bikin All-Star, wato na taurarin NBA, da gasar dankara ƙwallo a kwando, wadda mutane suka kwana suna koyon yadda ake buga ƙwallo a allo a cafe ta a sama. A wannan lokacin babu mai ja da EA.

Sai dai akwai wanda yake tahowa a baya. A 1999 wani kamfani mai suna Visual Concepts ya yi wa Sega gem ɗin NBA 2K a na'urar Dreamcast, da hoton Allen Iverson. Nasu bai kai Live armashi da sauri ba, amma ya fi kama da ƙwallon gaske: tsaro yana da nauyi, ba ka shiga ƙarƙashin kwando yadda ka ga dama. A 2004 suka karya farashi, suka sayar da nasu dala 20, ƙasa da rabin abin da aka saba. Haka suka yi wa gem ɗinsu na ƙwallon Amurka, abin ya tayar wa EA hankali har ya je ya ƙulla yarjejeniya da gasar NFL a Disambar 2004, cewa shi kaɗai zai riƙa yin gem da sunanta. Ya rufe ƙofa ke nan a can. A ƙwallon kwando bai samu haka ba, domin NBA ta ci gaba da ba kamfanoni da dama lasisi. A farkon 2005 kuma kamfanin Take-Two ya sayi Visual Concepts. Abokin hamayyar ya samu uban gida mai kuɗi, kuma da aka kore shi daga NFL, ƙarfinsa ya koma kan kwando.

Tuntuɓen farko ya zo ne da Xbox 360 a ƙarshen 2005. EA ya yi gaggawar fitar da NBA Live 06 a sabuwar na'urar. Hoto ya yi kyau, har gumi kana gani a jikin 'yan wasa. Amma babu Dynasty, babu bikin All-Star. Wato wanda ya kashe kuɗi ya sayi sabuwar na'ura, gem ɗinsa bai kai na mai tsohuwar PlayStation 2 cika ba. Na 07 ya zo da tangarɗa iri-iri, 'yan wasa suna sulɓi a fili kamar ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. A waɗannan shekaru biyun mutane da yawa suka ɗanɗana 2K, kuma ba su dawo ba.

A yi wa EA adalci, sun farfaɗo. NBA Live 09 ya kawo tsarin da kullum ake sabunta halin kowane ɗan wasa ta intanet, gwargwadon abin da ya yi a wasan gaske. Suka ɗauko Mike Wang, ɗaya daga cikin masu tsara yadda ake buga 2K, ya yi aiki a kan NBA Live 10, mai hoton Dwight Howard. Wannan gem ɗin ya yi kyau, masu sharhi suka yaba, magoya baya suka ce to, an kama hanya. Abin da ake bukata kawai shi ne a ɗora a kai.

Sai shugabanni suka ce a rushe. A farkon 2010 Mike Wang ya koma 2K, saboda ra'ayinsa ya saɓa da inda ake son kai gem ɗin. Aka sauya suna zuwa NBA Elite 11, aka sa hoton Kevin Durant, aka ɗauko salon sarrafawa daga gem ɗinsu na wasan hoki na ƙanƙara: analog ɗin hagu shi ne ƙafafu, na dama shi ne hannaye, har jifa da shi za ka yi. Tunanin ba shi da laifi. Amma aikin da ke cin shekara biyu ko uku aka ce a gama a zagaye guda.

A Satumbar 2010 aka saki demo, wato ɗanɗano kyauta kafin gem ya fito. Wani mai wasa ya naɗi nasa ya ɗora a YouTube. Ga abin da ya faru. Ana tsakiyar wasa, Andrew Bynum na Lakers, dogon nan mai ƙafa bakwai, ya ƙame a tsakiyar fili, ya ware hannayensa biyu dama da hagu, ya ƙi motsi. Ƙwallo tana yawo, abokansa suna kai da komo, shi yana nan a sandare. Wannan tsayuwar ita ce siffar da masu zane suke ajiye ɗan wasa a kai kafin a sa masa motsi, kuma bai kamata idon mai saye ya taɓa ganinta ba. Bidiyon ya zagaye duniya. Saura kusan mako guda a fara sayarwa, EA ya ce an ɗage. A Nuwamba ya ce an soke gaba ɗaya. An riga an buga faya-fayai, 'yan ƙalilan suka sulale zuwa hannun mutane, yau masu tara kayan tarihi suna sayensu da tsada.

Ranar 5 ga Oktoba, ranar da aka tsara Elite zai fito, ita ce ranar da NBA 2K11 ya shiga kasuwa. Hoton wa ke jikin kwalin? Michael Jordan. A ciki an ba ka wasanninsa goma na tarihi ka maimaita da hannunka, har da maki 63 da ya zuba wa Boston a 1986, da wasan da ya buga yana fama da rashin lafiya a 1997, da jifansa na ƙarshe a Utah a 1998. Har yau akwai masu cewa ba a taɓa gem ɗin ƙwallon kwando kamarsa ba. Ya sayar da sama da kwafi miliyan biyar, kuma shi kaɗai ne a fage.

To me EA ya yi? Ya ɗauke aikin daga hannun ma'aikatansa na Kanada, waɗanda suka yi shekaru suna yinsa, ya miƙa wa reshensa na Tiburon a jihar Florida. Sabbin mutane, sabon tushe. Suka tallata NBA Live 13, a Satumbar 2012 shi ma aka soke. A nan ne nake ganin asalin ciwon. Gem ɗin wasanni na shekara-shekara gini ne: bana ka ɗora bulo a kan na bara, ka gyara inda ya tsage. 2K haka ya yi ta yi, yana tara dubban motsin 'yan wasa, yadda ake karo, yadda ake juyi, yadda ƙwallo take barin yatsa. EA kuwa duk lokacin da katanga ta kai ƙugu sai ya rushe ya koma haƙa tushe. Ya yi haka a 2005, ya yi a 2010, ya sake bayan nan.

Da NBA Live 14 ya fito a Nuwambar 2013, da hoton Kyrie Irving, shekara huɗu ke nan rabon mutane da sabon Live. Aka sa shi gefe da gefe da NBA 2K14 a PlayStation 4, bambancin ya fito fili. Fuskoki a daskare, motsi a sanƙare. Makin da masu sharhi suka ba shi bai kai rabi ba, har jagoran aikin, Sean O'Brien, ya rubuta wa magoya baya wasiƙar ban haƙuri. Na 15 da na 16 sun ɗan gyaru, amma kasuwa ta riga ta watse. Aka tsallake na 17.

Abin da yake min ciwo shi ne biyun ƙarshe sun fara zama gem na kirki. NBA Live 18, mai hoton James Harden, ya kawo The One, inda ɗan wasanka yake gina suna a gasar NBA da kuma filayen unguwa. Shi ne kuma ya sa ƙungiyoyin mata na WNBA da 'yan wasansu, shekara biyu kafin 2K ya yi. Na 19, da hoton Joel Embiid ɗan Kamaru, ya ba ka dama ka ƙirƙiri 'yar wasa mace. An sake kama hanya. A Oktobar 2019 EA ya sanar cewa ba za a yi NBA Live 20 ba, za su tsaya su shirya wa sabbin na'urori. Sabbin na'urorin suka fito a 2020, Live bai biyo su ba. Abin da ya rage da sunan shi ne na waya, NBA Live Mobile, wanda aka fara a 2016.

Wani zai ce ai wanda ya fi ne ya ci, ina ruwanmu? Da ruwanmu. Tun daga 2K13 aka shigo da kuɗin cikin gem da ake kira VC. Ka sayi gem da cikakken farashi, ɗan wasanka ya fara ba shi da ƙarfi, ko dai ka yi makonni kana wahala ko ka sake zaro kuɗi ka ƙara masa ƙarfi. A 2K18 har aski sai da VC, sai da mutane suka yi ca kafin a rage farashin. An sa tallace-tallacen da ba a iya tsallakewa a cikin gem ɗin da ka biya. A tallan 2K20 aka nuna injinan da suka yi kama da na gidan caca, a gem ɗin da yara suke bugawa. Da PlayStation 5 ta zo, 2K21 yana cikin na farko da suka ɗaga farashi zuwa dala 70. A 2004 wannan gem ɗin dala 20 aka sayar da shi, lokacin da yake neman ƙwace kasuwa daga hannun Live.

A farkon 2019 NBA da Take-Two suka sabunta yarjejeniyarsu, wadda rahotanni suka ce za ta iya kai dala biliyan 1.1 a shekara bakwai. Duk kamfanin da zai dawo fagen, sai ya biya lasisi mai tsada, sannan ya yi shekaru yana asara kafin ya kamo wanda bai taɓa tsallake shekara ba tun 1999. EA yana da kuɗin da zai iya. Haƙurin tsayawa a kan tushe ɗaya ne bai nuna ba, sau uku.

Waɗanda suka buga Live a cikinku, ku faɗa min wanne ne naku, na 2003 ko na 2005. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.