Amsoshin Tambayoyinku: Gansakukar da ido ba ya gani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu biyu muka zaɓo yau, kuma duk kan abu ɗaya suke.

Ta farko wata baiwar Allah ce ta rubuto, tana cewa ta ga ana tallar wani koren gari mai suna spirulina, wai cokali ɗaya ya fi nama gina jiki. Shin gaskiya ne?

To Malama, akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙarin gishiri. Spirulina ɗaya ce daga cikin ƙananan gansakuka da ke rayuwa a ruwa, waɗanda ba a ganin ɗai-ɗaikunsu sai da madubin likita. Ba yau aka fara cin ta ba, domin mutanen Aztek na ƙasar Meziko suna kwasarta daga tafkin Texcoco tun kafin zuwan Turawan Sifaniya. Idan ta bushe, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta furotin ne, wato sinadarin gina jiki, ga kuma sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini. Amma ki duba cokalin. Ƙaramin cokali bai wuce giram 3 ba, wato furotin ɗin da ke ciki bai kai giram 2 ba, alhali ƙwai ɗaya yana ba ki kusan giram 6. Ƙari ce a kan abinci, ba madadinsa ba.

Sai batun bitamin B12 da masu talla ke yawan ambata. Yawancin wanda ke cikin spirulina kama kawai ya yi da na gaske, jikin ɗan Adam ba ya amfana da shi. Inda gansakuka ta yi zarra shi ne man omega-3. Kifin da ake yabo saboda wannan mai, daga gansakuka yake samunsa, shi ya sa yanzu ake tatsarsa kai tsaye daga wasu nau'o'inta.

Kada kuma wani ya ji wannan ya je ya kwaso koren da ke saman kududdufi. Wasu nau'o'in suna fitar da guba mai lalata hanta. A 2014 irin wannan guba ta hana mutanen birnin Toledo na Amurka, kusan 400,000, shan ruwan famfo na wajen kwana uku.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi take, yana tambaya ko gansakuka za ta maye gurbin man fetur.

Malam, an daɗe ana wannan mafarki. Gwamnatin Amurka ta yi bincike a kai daga 1978 zuwa 1996. Mai yana fita daga gansakukar, amma kuɗin raba ƙwayoyinta da ruwa da busar da su ya sa har yau bai iya gogayya da fetur ba.

Ni a ganina aikinta da ya fi tabbata shi ne tace ruwan ƙazanta. Ana sakin ruwan cikin tafkuna marasa zurfi, gansakuka ta shanye sinadaran naitirojin da fosfaras, ta saki iskar oksijin, ƙwayoyin bakteriya su yi amfani da iskar wajen narkar da dattin. Abin da aka kwashe a ƙarshe yana iya zama taki. Kilo ɗaya na busasshiyarta kuma ya zuƙe kusan kilo 1.8 na iskar kabon kafin ya kai haka.

Nan lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.