Amsoshin Tambayoyinku: Hoton Tauraruwa Mai Wutsiya a Bakin Teku

Masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko daga wani bawan Allah ce mai sha'awar ɗaukar hoto. Ya ce a watan Oktoban 2024, da tauraruwa mai wutsiyar nan Tsuchinshan-ATLAS ta bayyana, ya je bakin teku bayan magariba, ya gan ta da idonsa, amma da ya duba hotunan sai wasu baƙi ƙirin, wasu kuma dishi-dishi. Yana tambaya ko sai ya sayi kyamara mai tsada.

To malam, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Abin da ya yi maka ƙaranci haske ne. Da rana kyamara kan buɗe idonta ta rufe cikin ƙiftawa, amma da dare sai ka bar idon a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 20 yana tara haske. A wannan ɗan tsakanin ko rawar hannunka ta isa ta ɓata komai, don haka ka ɗora ta a kan abin kafawa mai ƙafa uku, ka sa ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna. Ka kai ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, tsakanin 1600 da 3200, ka wangale ƙofar gilashin, f/2.8 in akwai. Saitin gani kuwa da hannunka za ka yi shi: ka nufi abu mai haske irin Zara, ka yi ta murɗawa a hankali har ta koma ɗigo ƙarami tsaf.

Kada kuma ka wuce gona da iri. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, in ka daɗe taurari za su zama layi-layi a hoton. Don sanin iyakar daƙiƙun da za a bar idon a buɗe, masu wannan harka kan raba 500 da tsawon gilashin: mai milimita 25 zai ba ka daƙiƙa 20 ke nan. Wayoyi da dama ma yanzu suna da tsarin ɗaukar dare, muddin ka kafe su.

Zaɓen bakin teku da ka yi ya burge ni ƙwarai. Tauraruwa mai wutsiya ta fi haske idan ta kusanci rana, shi ya sa galibi ƙasa-ƙasa ake ganinta, yamma bayan faɗuwar rana ko gabas kafin asuba, kuma teku ba ya tare maka gani da gini ko bishiya. Ka sa wani dutse ko kwalekwale a gaban hoton; doguwar ɗauka za ta mayar da igiyar ruwa kamar hazo kwance, wutsiyar tana miƙe a sama.

Amma ina roƙonka ka saurari wannan da kyau. Daren da ya fi dacewa da hoto shi ne na duhun wata, kuma a daidai lokacin ne, da lokacin cikar wata, teku ya fi tumbatsa, saboda jan wata da na rana sun haɗu wuri guda. Ruwan kan cika sau biyu a yini a yawancin gaɓoɓi. Dutsen da ka taka a bushe da magariba yana iya nutsewa kafin ka gama. Ka duba jadawalin cikar ruwa, ka je wurin tun da rana, kada ka tafi kai kaɗai. Ka danna ƙafafun nan uku cikin yashi sosai, ka riƙa duba gilashi saboda raɓa, in ka koma gida ka goge gishirin da iska ta watsa wa kayanka, don yana cin ƙarfe. Tocila kuma ka riƙe mai haske ja, wadda ba ta kashe ido, domin ido na bukatar kusan minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu.

Wata baiwar Allah kuma ta ce ta ga hoton tauraruwa mai wutsiya NEOWISE ta 2020 da wutsiya biyu, ɗaya shuɗiya. Ko ƙari aka yi? A'a malama, haka abin yake. Ita wannan halitta dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura. Zafin rana na fitar da ƙurar, ta zama wutsiya fara mai ɗan lanƙwasa, iskar gas kuma ta zama shuɗiya miƙaƙƙiya, kullum tana fuskantar nesa da rana. Idonmu ne ba ya rarrabe launi a duhu, kyamara kuwa tana tarawa.

Ga mai tambayar yaushe tauraruwa mai wutsiya Halley za ta dawo: ta zo a 1986, tana zagayowa kusan duk shekara 76, ana sa ran ta a 2061. Allah ya nuna mana, amin.